“Nawa Kake Samu A Ciki?”

Jiya bayan la'asar wani bawan Allah da muka taɓa aiki wuri ɗaya ya biyo ta gidana. Ya same ni tsugune a tsakar gida ina wanke kaskon ruwan tantabaru, auta yana zuba mini ruwa da buta. Muka gaisa, aka shimfiɗa masa tabarma, aka kawo masa ruwa. Bai ma ajiye kofin ba ya ɗaga kai ya dubi ɗakin tantabarun ya ce, “Malam, ashe har yanzu kana nan da wannan abin? To wai nawa kake samu a ciki?” Na ce masa ba sayarwa nake yi ba. Sai ya girgiza kai ya ce, “Ai kuwa ɓarnar hatsi ce da ɓata lokaci. Magidanci kamarka, da kajin gidan gona ka zuba, da yanzu an wuce wurin.” A gaban yarona ya faɗi haka, yaron da kullum yake rige-rigen buɗe musu ƙofa da safe.

Baƙo ne, ban mayar masa ba, na raka shi har bakin titi. Amma maganar ta kwana tana ci mini rai, don ba shi ne farau ba. Duk sanda na saka hotonsu a shafin nan sai an samu mai tambaya, “Nawa ne aure ɗaya?” ko kuma, “Akwai riba kuwa?” Na farkon ba ni da matsala da shi, ciniki yake nema, sai in ce masa ba na sayarwa ba ne. Na biyun ne yake damuna, domin abin da yake nufi shi ne in babu riba to babu hankali a cikin abin.

Waɗanda muka daɗe tare a shafin nan sun san inda na gaji kiwon nan. Na sha ba ku labarin Baba, Allah Ya jiƙansa da rahama, da tsofaffin tukwanen da ya jera a jikin katangar gidanmu. Tela ne, wuni yake a kan keke, amma in ya dawo ya yi sallah, sai ya ɗauko buzunsa ya zauna ya riƙa watsa wa tantabaru gero, mu kuma muna kewaye da shi. A nan muke jin labarin kakanninmu, a nan ake yi mana faɗa, a nan ake sasanta mu in mun yi rigima. Ban taɓa jin wani ya tambaye shi nawa yake samu ba. A unguwarmu a lokacin wani kanari gare shi a keji, wani aku, wata tsohuwa na'a-na'a take shukawa a fasasshiyar randa tana rabawa masu shayi kyauta. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, kuma babu mai ganin wautar wani.

Yanzu fa? Uwargida ta iya alkaki da dubulan, kun sha ganin hotonsu lokacin sallah. Da wuya baƙuwa ta ci ba ta ce mata, “Ke kuwa me ya sa ba za ki buɗe shafi ki riƙa sayarwa ba?” Ƙanwata tana ɗinkin hula da dare in yara sun yi barci, ta yi wa mijinta, ta yi mini, ita ma maganar ke nan. Don Allah kada wani ya juya mini magana, ban ce sana'a laifi ba ce. Da sana'a aka ciyar da ni, aiki nake yi nake ciyar da nawa, kuma duk macen da take sayar da abin hannunta tana rufa wa kanta asiri ina yi mata fatan alheri. Abin da nake cewa shi ne, a bar wa mutum abu ɗaya a gidansa wanda yake yi don ransa yana so, ba tare da an ɗauko masa lissafi ba. Ranar da uwargida ta fara karɓar odar alkaki, ranar za ta fara tashi tsakar dare da fargabar mai kaya zai zo da safe, yaran da suke zagaye ta suna jiran ɓantare kuma a fara korarsu, don kowane ɗaya an ƙirga shi. Ta san haka, shi ya sa ta ƙi, kuma na goyi bayanta.

Da baƙona ya ƙara zama kaɗan da na nuna masa abin da yarana suka koya a bakin ɗakin nan. Tantabara ƙwai biyu take yi, tsakanin na farko da na biyu kusan kwana biyu, ta kwanta a kansu kamar kwana 18 kafin su ƙyanƙyashe. Kuma ba ita kaɗai take kwanci ba. Da hantsi namijin zai zo bakin sheƙa ya tsaya, ita ta taso ta miƙe fiffike ta je ta ci ta sha, shi ya shiga ya gyara ƙwan da baki a ƙarƙashin ƙirjinsa ya kwanta, ba zai tashi ba sai wajen la'asar, sannan ta karɓe shi ta kwana. In 'ya'yan suka fito, ido a rufe, jiki duk ɗan gashi rawaya, ba hatsi ake fara ba su ba. Uwa da uba duka suna fitar da wani farin abu mai kauri kamar kindirmo daga jakar wuyansu, ɗan ya cusa bakinsa cikin na babban ya sha. Yarinyata ta tsakiya ce ta fara lura cewa tantabara ba ta shan ruwa irin na kaza. Kaza sai ta ɗiba ta ɗaga kai sama, ita kuwa tsoma baki take yi ta zuƙa har ta ƙoshi ba ta ɗago ba. Ranar da ta gano haka sai da ta kira duk gidan aka zo aka tsaya ana kallo. To a wace kasuwa zan kai wannan a yi masa kuɗi?

Kuma bari in faɗi abin da yake ƙarƙashin maganar, don ba tantabara ce kaɗai ake rainawa ba, zaman gidan ne. Namijin da zai fita tun magariba ya zauna a majalisa ana shayi ana cin naman mutane har sha biyun dare, ko ya tare a gidan kallon ƙwallo, ba wanda yake ce masa yana ɓata lokaci. Amma wanda ya dawo daga aiki ya zauna cikin iyalinsa, yana gyara keji, yana taya yara aikin makaranta, ana ɓare gyaɗa ana hira, shi ne za a ce mijin-ta-ce, ko a ce ba shi da abin yi. Na ji da kunnena an faɗa a kaina. Alhali Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, da aka tambaye ta abin da Manzon Allah (SAW) yake yi a gida, ta nuna cewa yana cikin hidimar iyalinsa ne, in lokacin sallah ya yi ya fita. Yana cikin Bukhari. Muna karantawa a islamiyya, muna ji a wa'azi, amma in muka ga mai ƙoƙarin kwatantawa sai mu sa shi a baki. Yaran nan da muke kuka sun lalace, sun bi abokan banza, sun shige waya ba sa jin kira, da yawansu ba su san zama da ubansu na rabin awa ba tare da tsawa ba. Gida ya zama wurin kwana da cajin waya. Sai abu ya ɓaci a fara neman malamin da zai yi addu'a.

Na san akwai wanda yanzu haka yake shirin kawo mini hadisin nan na Abu Dawud da Ibn Majah, inda Manzon Allah (SAW) ya ga wani mutum yana bin tantabara ya siffanta shi da shaiɗani. Na san shi, kuma na kai shi gaban malamai na tambaya. Abin da suka karantar da ni shi ne ana maganar wanda wasa da ita ya shagaltar da shi, yana bin ta yana tayar da ita, sallah tana wuce shi, ko yana caca da ita, ko yana hawa soro yana leƙa gidajen mutane. Imam Nawawi ya bayyana cewa ajiye ta don ƙwai da 'ya'ya, ko ɗebe kewa, ko aika wasiƙa, ya halatta. Ni ba na tsere da su, ba na hawa rufin kowa, kuma waɗanda muke sahu ɗaya a masallacin unguwa shaida ne. Sannan ku tuna ƙanin Anas ɗan Malik, yaron nan Abu Umair, da yake da ɗan tsuntsunsa yana wasa da shi. Da tsuntsun ya mutu, Manzon Allah (SAW) da kansa ya kula da damuwar yaron, yana tambayarsa labarin tsuntsun. Shugaban halitta, da duk nauyin al'umma a kansa, bai ga abin ya yi ƙanƙantar da zai tsaya a kai ba. Sharaɗin da na sani shi ne wanda hadisin matar da ta kulle kyanwa ya koya mana: in ka tsare dabba, ci da shanta suna wuyanka.

Mai cewa hatsi ya yi tsada kuma, gaskiyarsa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 babu magidancin da bai ji a jikinsa ba, kuma duk mai shiga kasuwar hatsi ta Dawanau ya ga yadda farashin gero da dawa ya yi ta hawa da sauka. Amma ban taɓa ɗibar abincin yara na ba tsuntsu ba, kuma ba zan yi ba. Yawancin abin da suke ci tsakin da aka tankaɗe ne, da abin da ya zube wajen sheƙe hatsi, sai ɗan geron da nake ƙarawa. Kuɗin bai kai abin da wasu suke ƙonawa a data suna kallon rigimar da ba ta shafe su ba. Kashinsu kuma taki ne mai ƙarfi, shi nake tarawa ya bushe in zuba wa zogale da yakuwar bayan ɗaki, miyar gidan nan daga nan take fitowa.

In kuwa sai an ambaci kuɗi ake girmama abu, to a watan Nuwamban 2020 an yi gwanjon wata tantabarar tsere mai suna New Kim a ƙasar Beljiyam, wani ɗan ƙasar Sin ya saye ta yuro miliyan 1.6. A Masar har hasumiyoyin laka ake gina musu a ƙauyuka, kuma tantabarar da aka cusa wa shinkafa abincin alfarma ce a can. Na kawo wannan ne kawai don masu ganin abin na yara ne da marasa aikin yi. Nawa ba su kai ko kusa ba, na gida ne, kuma ko sun kai ba shi ya sa nake son su ba.

Amfanin da nake gani shi ne irin na ranar da maƙwabciyarmu ta haihu, uwargida ta ce a kamo 'yan shila. Ta yi farfesu da citta da kanumfari da masoro da 'yar daddawa, ƙamshi ya cika layin, aka zuba a kwano aka rufe aka ba yara suka kai. Haka da Inna ta kwanta rashin lafiya bara, kun tuna na roƙe ku addu'a, bakinta ya ƙi komai, romon ɗan shila ne abin da ta fara karɓa. Da sayarwa nake yi da sai na tsaya tunanin nawa na rasa.

Masu turo mini saƙo suna son farawa, ga ɗan abin da na sani, ni ba likitan dabbobi ba ne. Ku fara da aure ɗaya ko biyu, matasa, don babbar da ta saba da wani gida da kun sake ta za ta koma inda ta fito. Ku tsare su a ɗaki na 'yan makonni su saba da wurin da muryar mai ba su abinci, ranar fara saki kuma a yi da yamma kafin su ci, yunwa za ta dawo da su. Ɗakin ya yi sama yadda kyanwa da ɓera ba za su kai ba, a sa raga, a bar iska tana shiga. Ruwa a canza shi kullum a wanke kaskon, domin ciwon nan da yake sa wani abu rawaya a maƙogwaronsu ta ruwan sha yake yaɗuwa. A ajiye musu ƙananan tsakuwa da dakakken ɓawon ƙwai, da tsakuwar ne ƙundunsu yake niƙa hatsi. Wajen shara a yayyafa ruwa tukuna a rufe hanci, ƙurar busasshen kashinsu tana taɓa huhu, mai asma kuma ya nisanci sharar gaba ɗaya. Yara su wanke hannu da sabulu in sun gama. Duk wadda aka sayo sabuwa a ware ta tukuna, in kuma aka ga suna mutuwa a jere kada a yanka a ci, a nemi ma'aikatan lafiyar dabbobi. Mu da muka ga murar tsuntsaye ta 2006, da ta fara ɓulla a jihar Kaduna, ba ma wasa da wannan. Ɗan shila yana kai wa yanka a wajen mako huɗu, kafin ya fara tashi.

Sai roƙona ga iyayen layinmu da na ko'ina: ku ja wa yara kunne kan harbin tantabarun mutane da danƙo, akwai mai su, kuma sau da yawa akwai 'ya'ya a sheƙa suna jira. Wanda kuma ɗansa ya daɗe yana roƙonsa a saya masa, in da hali ya saya masa, ya zauna su haɗa kejin tare. Amma ku bari damina ta wuce tukuna, sauro yana sa musu ƙuraje a ido da baki, ƙananan ba sa jurewa.