GABUKKA: INDA KWARI KE CIN GARI

Baƙon da ya shiga Gabukka, can kusa da Pantami a cikin garin Gombe, in da rani ya zo, ba zai yarda akwai wata rigima tsakanin mutanen wurin da ruwa ba. Abin da zai gani shi ne ƙura, da 'yan garuwa suna tura kura cike da jarkoki, da kwazazzabai busassu waɗanda yara suka mai da su filin wasa. Amma in ya dawo cikin watan Agusta, sai ya ga abin mamaki, don kuwa waɗannan kwazazzabai su ne kogunan garin. Wata uku ko huɗu kawai suke raye, amma a cikin wannan ɗan lokaci sukan yi ɓarnar shekara.

Dalilin haka yana ga yadda garin ya zauna. Tun lokacin da aka taso da hedkwatar masarauta daga Nafaɗa zuwa Gombe Doma a cikin shekarar 1919, garin yake zaune cikin wani kwari, tudun Akko yana yamma da shi, Dutsen Liji kuma yana gabas. Ƙasar wurin jigawa ce, ba ta da danƙo. Duk ruwan da ya sauka a kan tudu sai ya gangaro da gudu ya ratsa unguwanni, yana tafiya da yashi. A dā itatuwa da ciyawa suna rage masa ƙarfi. Da aka ƙirƙiro Jihar Gombe ran 1 ga watan Oktoba 1996, garin ya zama babban birni, jama'a suka yi ta kwararowa, aka sare itace, aka yi gine-gine har a bakin kwari. Masu hikima sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ambaliyar da aka yi cikin watan Agusta na shekarar 2004, wadda ta ci rayuka ta kuma rushe gidaje, har yau mutanen Gombe ba su manta da ita ba.

Sai dai ba zaizayar ƙasa kaɗai ce damuwar ba. Kwarin ya zama juji. A nan ake zuba shara da leda da ruwan wanke-wanke, wasu ma a nan suke zagayawa. Leda ita ke toshe kwalbati, ruwa ya rasa hanya ya faɗa gidaje. In ruwan farko ya sauka, sai ya kwashe wannan ƙazanta ya shiga da ita rijiyoyin da ba su da murfi, sauran kuma ya yi gabas da ita, inda mutanen ƙauye ke tona yashin rafi su ɗebi na sha. Ta haka amai da gudawa da zazzaɓin taifot ke samun ƙofa.

Ruwan famfon Gombe kuwa daga madatsar Dadin Kowa yake zuwa, wadda aka gina a kan Kogin Gongola cikin shekarun 1980, tafiyar kusan kilomita 40 a kan hanyar Biu. A zamanin Gwamna Danjuma Goje aka jawo shi zuwa gari. Kogin nan daga tsaunukan Jos ya taso, sai a Numan yake haɗuwa da Binuwai. Watau abin da Gombe ke sha ya ratso garuruwan wasu, abin da ta zubar kuma wasu ne za su sha.

Hukuma ba ta naɗe hannu ba. An ɗaure waɗansu manyan kwazazzabai da kankare da taimakon Bankin Duniya, a shekarar 2019 kuma gwamnatin Muhammadu Inuwa Yahaya ta ƙaddamar da shirin dashen itatuwa na 3G. Amma kankare ba ya hana mutum fita da kwandon shara bayan sallar isha. Wannan aiki ne na masu unguwa da limamai da malaman makaranta da iyayen gida. Tilas a tanadi wurin zuba shara, a riƙa kwashewa a kan kari, a kuma hana gini da ɗibar yashi a bakin kwari. Wanda aka ba dashe ya yi masa ban ruwa, ya kare shi daga awaki har ya kama ƙasa.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mu daga sharrinta, amin.