Ajiyar da na sayar a Sabha

Wanda bai kwana a Sabha ta ƙasar Libiya cikin watan Janairu ba, da wuya ya yarda cewa garin da rana ke gasa mutum da bazara shi ne ke hana shi barci saboda sanyi. Da dare awon yanayi kan sauko kusa da digiri 5, iskar hamada kuma ta bi kowace kafa ta shigo. Mutanen gari suna da lissafin darare arba'in na tsananin sanyi, daga ƙarshen Disamba zuwa farkon Fabrairu. Da zafi, mu 'yan ci-rani a tsakar gida ko a kan rufi muke kwana, ɗaki kuwa na kaya ne. Sai sanyi ya koro mu ciki sannan muke ganin irin tarkacen da muka tara.

Tara kayan nan yana da dalili. Baƙo ba shi da asusun banki, yawo da tsabar kuɗi kuma neman fitina ne, don haka duk abin da ya samu sai ya mai da shi bargo, katifa, darduma, keken ɗinki, yana jiran ranar da zai ɗora su a babbar mota ta Gatrun, Madama da Dirku zuwa Agadas. Bayan dokar da Nijar ta kafa a 2015 kan safarar masu ƙaura, wadda ba a soke ba sai a Nuwamban 2023, direbobi da yawa suka ajiye mota, hanya ta yi wuya. Ga kuma rikicin da aka yi a 2018 tsakanin Tubawa da Aulad Sulaiman a kewayen tsohuwar ganuwar da Italiyawa suka gina. Mutane suka watse, wasu suka yi Tirabulus, kayansu suka rage a ɗakunan waɗanda suka zauna.

Ɗakina a unguwar Gurda yana cikin irin waɗannan. Da sanyin wata shekara ya kama, baƙi sun ƙaru a gidan, wurin shimfiɗa ya gagara, ga gawayi muna hurawa kusa da buhunan tufafi, abin da ke iya jawo gobara. Na yanke shawarar rage kaya, kuma har yau ina ganin shawarar daidai ce. Na zubar da rediyoyin da suka mutu da takalman da ba su da 'yan'uwa, na raba wa sababbin zuwa bargunan da na daɗe ina ɓoyo a leda. Ɗaki ya fara numfashi, ni ma na ji daɗin aikin, kuma daɗin nan ne ya kwashe ni.

A can ƙurya akwai wata babbar jaka ta wani yaro ɗan wajen Tanut, mai aikin gini. Ranar da zai wuce arewa ya kawo ta ya ce, "Kawu, ga ajiyata, in Allah ya dawo da ni zan ɗauka." Daga baya lambarsa ta daina shiga, labarinsa ya ɗauke. Na tsaya a kan jakar na gaya wa kaina cewa ya tsallaka teku, ko kuma ya manta. Ban tambayi mutanen garinsu ba, alhali na san majalisar da suke shan shayi. Na buɗe, na ga turamen atamfa da shadda, takalman mata, turare, da ƙaramar na'urar yankan tayil. Na kai kasuwa na sayar da araha, kuɗin suka shige cikin haya da cefane. Ko da nake buɗewa na gane kayan lefe ne. Wannan shi ne abin da ya fi damuna, don ba zan iya cewa ban sani ba.

Bayan sanyi ya wuce, sai ga wansa ya yi sallama. Ashe an kama yaron a arewa, ya daɗe a tsare, daga baya hukumar kula da masu ƙaura ta IOM ta mayar da shi Yamai a jirgi da rigar jikinsa kaɗai. Jakar nan ita ce duk abin da ya rage masa na wahalar da ya sha. Wan ya ce, "Yaya, ƙanenka ya ce in karɓo masa ajiyarsa, an sa ranar aure." Zuciya ta raya mini in ce ɓarayi sun shigo lokacin rikici, kuma da na faɗa da ya yarda, don an yi hakan a gidaje da dama. Allah ya taimake ni na faɗi gaskiya. Bai ɗaga murya ba, ya dai sunkuyar da kai ya yi ta salati.

Muka je wurin malamin da ke ja mana salla. Bai yi mini sassauci ba. Ya tuna mini abin da muka karanta tun a zaure cikin Risala, a mazhabar Malikiyya da mu da mutanen Libiya muke bi: wanda ya ƙetare iyaka a kan ajiya, biya ya hau kansa. Ya ƙara da cewa ko tsintuwa ce sai an yi shekara ana cigiya, balle abin da mai shi ya damƙa maka hannu da hannu. A nan na fahimci inda na kauce. Na auna kayan ɗakin duka da ma'auni ɗaya, wato ko ina amfani da su ko ba na yi, na manta da tambayar da ta kamata ta zo farko: na wane ne?

Na biya kuɗin a hankali, da farashin da kayan suka kai a lokacin biya, wanda ya ninka abin da na karɓa a kasuwa. Yaron ya kira ni ya ce ya yafe, amma sai da aka ɗaga auren zuwa bayan kaka, kuma na'urar da zai fara sana'a da ita a gida ba a samu irinta ba. Yanzu duk wanda ya kawo mini jaka, sai ya rubuta sunansa a jiki, ya ba ni lambar wani nasa a gida, mu kuma yi magana a gaban shaida kan abin da za a yi da ita in ya daɗe bai waiwayo ba. Wasu suna ganin na cika tsanani, har akwai wanda ya ɗauke kayansa ya kai wani ɗakin.