Marinar Ƙofar Mata Ba Ta Shiga Waya

A watan Maris na 2020 aka rufe makarantun Nijeriya saboda annobar korona, a Afrilu kuma aka sa dokar kulle a Kano. A shekarar ba a yi hawan Sallah ba. Jiragen sama sun tsaya, otal-otal sun zama kufai, yawan masu yawon buɗe ido tsakanin ƙasashen duniya ya ragu da sama da kashi 70 cikin 100. Masu koyon sana'ar tarbar baƙi da yi musu jagora, su ma aka ce su koma gida, karatu ya koma rediyo da WhatsApp da Zoom.

To, yaya ake koyon zagaya gari da baƙo alhali an hana fita? Domin mu ga abin da ke koyuwa daga nesa da wanda ba ya koyuwa, sai muka ɗauki hanyar tsohon birnin Kano, muka bi wuraren da ake kai baƙi.

Mun fara da Gidan Makama, kusa da fadar Sarki. Gini ne na ƙasa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, yanzu kuma gidan adana kayan tarihi ne. A nan waya ta yi rawar gani. Sunayen sarakuna, shekaru, labarin Barbushe da Dutsen Dala, da yadda Sarki Gijimasu ya fara ginin ganuwa, duk malami yana iya naɗa su a saƙon murya, ɗalibi ya yi ta maimaitawa har ya haddace. Haka ma gaisuwa da Turanci ko Faransanci ko Larabci, da lissafin kuɗin mota da masauki.

Da muka isa Ƙofar Mata, sai lissafi ya sauya. Marinar nan ana danganta kafuwarta da 1498. Tun kafin ka ga ramukan, warin baba da toka da kanwa zai fara yi maka maraba. Mun tsuguna muna kallon wani dattijo yana tsoma farin ƙyalle yana ɗagowa. Idan ya fito da shi sai ka gan shi kore, iska na bugunsa sai ya rikiɗa ya koma shuɗi a kan idonka. Can gefe masu bugu suna ta dukan yadi a kan gungume har ya yi sheƙi. Bidiyo zai nuna maka launin, amma ba zai koya maka ka fara gaida masu sana'a kafin ka ɗaga kyamara ba, ko ka nemi izini kafin baƙonka ya ɗauki hoton mutum, ko inda za ka tsayar da shi kada rini ya ɓata masa riga.

Kasuwar Kurmi ta ƙara mana darasi. Lungunanta matsattsu ne, sun yi ta sarƙewa: nan 'yan fata, can 'yan turare, gaba masu kayan doki. Taswirar waya ba ta san su ba. Jagoran da bai taka su da ƙafarsa ba, shi da baƙon tare za su ɓace.

Akwai kuma abin da kulle ya tona. Karatun intanet yana cin data da caji, kuma gidaje da yawa waya ɗaya suke da ita, ita ma a aljihun maigida take. Shi ya sa darasin rediyo da gajeren saƙon murya suka fi kai wa ga ɗalibai fiye da Zoom.

A Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake tattali. Baƙi za su zo, kuma za su nemi matashin da ya san garinsa. Idan kana sha'awar wannan sana'a, ka karanta tarihi a waya da daddare, ranar Asabar kuma ka sa takalmi ka je marina, ka gaida dattawa, ka yi tambaya. Hausawa sun ce gani ya kori ji.