Idan ruwa ya shigo gida da dare, me za ka ɗauka?

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwana mai karatu, damina ta kankama, kuma akwai mas'alar da ba a cika kawo ta a majalisin karatu ba, alhali tana cikin wajibai. Kana barci tsakar dare, ka ji ruwa a kan tabarmarka, katanga ta fara tsagewa, lokacin da ya rage maka bai wuce na alwala ba. Me za ka ɗauka, me za ka bari?

Mu mutanen Maraɗi mun san wannan tambaya. A 1945 gulbi ya ci tsohon gari, har aka dawo da zama bisa tudu. A 2020 kogin Isa ya ɓalle ya malale unguwanni a Yamai. A daminar 2024 ambaliya ta yi ajalin sama da mutum 300 a ƙasarmu, ta shafi fiye da miliyan ɗaya. Tsohon masallacin Damagaram, wanda ya haura shekara 150 a tsaye, ya rushe a farkon Satumba, kuma sai da aka ɗage komawar yara lakkol saboda ajujuwa sun cika da waɗanda suka rasa matsuguni. Abin da na gani a unguwarmu shi ne, a irin wannan dare hankali ba ya zaɓe, hannu ne kawai yake kai wa ga abin da zuciya ta saba so. Saboda haka a yanke shawara yanzu, da rana tsaka, tun ƙasa tana bushe.

Malaman usulu sun ce shari'a ta zo ne domin kiyaye abubuwa biyar: addini, rai, hankali, zuriya da dukiya. Rai yana gaba da dukiya, babu saɓani. Don haka farkon abin da za ka fitar shi ne mutane. Ƙidaya su da suna a bakin ƙofa: jariri, tsohuwar da ba ta iya tashi, mara lafiya, almajiran da ke kwance a zaure, baƙon da ya sauka jiya. Raba aikin tun yau, kowane babba ya san yaron da zai goya. Idan kana cikin sallah ka ji ihun wanda ruwa zai ci, wajibi ne ka yanke sallar ka cece shi, sannan ka sake ta.

Ina son wannan magana ta isa ga iyayenmu mata. Matar da take cikin kulle ba ta jiran izinin miji kafin ta tsere wa ɗakin da zai faɗi. Mai takaba ma malamanmu na Malikiyya sun halatta mata barin gidan idda idan ta ji tsoron rushewarsa. Kuma kada neman hijabi cikin duhu ya tsayar da ke. Zanen da hannunki ya taɓa ya isa. Kai kuma maigida, ka faɗa musu haka da bakinka yau, domin wata kunyarka ce za ta riƙe ta a ɗaki.

Bayan rai sai haƙƙin mutane. Ka tuna lokacin hijira, Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya bar Sayyidina Aliyu a Makka domin ya mayar wa mutane ajiyarsu, ga shi kuwa mutanen garin suna neman ransa. Idan a hannunka akwai dukiyar marayu, ko kuɗin adashe, ko na masallaci, ko littafin da kake rubuta bashi, su ne gaba da kayanka. Gaskiya ne wanda aka ba ajiya ba ya biya idan ta halaka ba da sakacinsa ba. Amma wanda ya sami sararin fitar da katifarsa ya bar takardar gonar maraya a ruwa, sai ya tanadi amsar da zai bayar ranar hisabi. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Littafin bashi idan ya jiƙe ya narke, rigimar da zai bari tana iya wuce shekarun wanda ya rubuta shi.

Na uku shi ne abin da ba shi da nauyi amma samun madadinsa yake da wuya: takardun haihuwar yara, katin ɗan ƙasa, takardar fili, takardun shaidar karatu, maganin mai hawan jini da mai ciwon suga, salula da cocila. A haɗa su a leda biyu, a sa a jaka ɗaya, a rataye kusa da ƙofa inda kowa ya sani. A ɗauki hotonsu da salula a aika wa ɗan'uwa a wani gari. Mus'hafi kuwa, idan ka ji tsoron ruwa ko wuta za su ci shi, ɗauke shi ko ba ka da alwala. Malamai sun yi rangwame a nan.

A wannan gaɓa ne mas'alar ta taɓa ni. Ina da littattafan da na tara tun ina ɗalibi, shekara talatin da ɗoriya, cike da kanta biyu. Na zauna na dube su na tambayi kaina gaskiya. Risala da Muhtasar da tafsirai, duk ana sayar da su a kasuwa, in da rai za a sake saye. Wanda babu irinsa a duniya shi ne Alƙur'anin da mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ya rubuta da hannunsa, da ƴan warƙoƙin da ya yi wa jimla da ajami. Su na sa a gafaka, na naɗe da leda, na haɗa da jakar takardu. Sauran na ɗaga su sama, na kuma gaya wa ƴaƴana cewa ban yafe wa wanda ya koma ɗaki domin littafina ba. Faɗin haka ya yi mini nauyi ƙwarai. To, idan malami zai iya barin littattafansa, uwargida za ta iya barin jeren kwanukanta, ɗan kasuwa zai iya barin buhunansa.

Dabbobi suna da haƙƙi a kanka. Idan ba za ka iya kora su ba, kwance musu igiya, domin akuyar da ke turke ba ta da hanyar tsira. Hatsi kuma a ɗora shi bisa abin da ya ɗaga daga ƙasa tun kafin ruwa. Idan mita tana kusa kuma ƙafarka da hannunka a bushe suke, katse lantarki. In ba haka ba, wuce abinka.

Babban haɗari shi ne komawa ciki. Ginin ƙasa daga tushe yake shan ruwa, sau da yawa yakan faɗi ne bayan an ɗauke ruwan sama, lokacin da mutane suka ga kamar an tsira. Ruwa mai gudu kuma, ko bai kai gwiwa ba, yana kayar da ƙato. Ya tabbata cewa wanda ya nutse da wanda gini ya faɗa wa suna cikin shahidai, muna kuma fatan wannan daraja ga ƴan'uwanmu da suka rasu. Sai dai an hana mu jefa kanmu ga halaka. Suhaibu Arrumi ya bar wa Ƙuraishawa dukiyarsa duka ya tsira da addininsa da ransa, aka kuma shaida masa cewa cinikinsa ya yi riba.

Wani zai ce wannan shiri ƙarancin tawakkali ne. Wanda ya fi kowa tawakkali ya tanadi raƙuma da guzuri da ɗan jagora kafin ya bar Makka. Saboda haka yau bayan sallar isha'i tara iyalinka, ku haɗa jakar, ku raba yaran, ku tsayar da wurin da za ku haɗu. Ku kuma dubi maƙwabcin da ba shi da mai ɗaukarsa, ku sa shi cikin lissafinku.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kare mu daga sharrin ruwa da wuta da rushewa, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafi alheri. A tura wa ƴan'uwa, a kuma karanta wa wanda ba ya karatu.