Wuni ɗaya a Andalus: Garnaɗa ko Ƙurɗuba?



Mu da ƙasarmu ba ta da teku, in an ce jirgin ruwa, kwale-kwalen Yamai ko na Gaya ke zo mana a rai. To akwai wani iri da Turawa ke hawa don yawon buɗe ido kawai. Bene ne mai hawa goma sha wani abu yana tafiya bisa ruwa, da ɗakunan kwana da wuraren cin abinci, mutum dubbai a ciki. Da dare ya yi ta tafiya, da safe ya tsaya a bakin wani gari, a ce ku sauka ku ba ido abinci, amma ƙarfe kaza kowa ya dawo. Wanda bai dawo ba, jirgi ba ya jiran shi. Kayanka na ɗaki, kai kana kan tudu, sai ka nemi kuɗin mota ko na jirgin sama ka tare shi a gari na gaba.

Irin shi muka hau daga Marsai, ni da maiɗakina da kawuna. Kawu ya zo ne daga Damagaram aikin ido, shekarunshi 74, kuma da likita ya sallame shi ƴaƴanshi suka haɗa kuɗi suka ce a kai shi ya gwada sabon idon kafin ya koma gida. Ni da ke zaune a Faransa aka ɗora wa rakiya. Cikin garuruwan da jirgin zai tsaya akwai Malaga, a kudancin Sifaniya, yankin da har gobe ake kira Andalusiya. Takarda ta ce za a iso ƙarfe 8 na safe, a tashi ƙarfe 6 na yamma, kowa ya kasance a ciki 5 da rabi. In ka cire layin sauka da na hawa, awa takwas da ɗan wani abu ke hannunka.

Daga Malaga garuruwa biyu ke kiran mutum irinmu: Giranada, wadda littattafan malamai ke kira Garnaɗa, da Kordoba, wato Ƙurɗuba. Wuni ɗaya ba ya ɗaukar duka biyun. Wanda ya ce maka zai yi, hoto kawai zai ɗauko a bakin ƙofa.

Ni Garnaɗa nake so, ba zan ɓoye ba. Can ne fadar Alhambra take, bisa tudu, wadda sarakunan Banu Nasr suka fara ginawa a 1238, kuma can ne mulkin Musulmi na ƙarshe a Andalus ya faɗi ranar 2 ga Janairun 1492. Tun ina lakkol nake ganin hoton tsakar gidan nan mai zakuna goma sha biyu na dutse suna ɗauke da kwanon ruwa, da bangon da aka sassaƙa rubutu a jikinshi tun daga ƙasa har rufi. Kuma garin yana da zumunci da mu. Hasan al-Wazzan, wanda Turawa suka sani da Lewon na Afirka, can aka haife shi, kuma littafinshi da aka buga a 1550 ya ambaci Agadas da Gobir da Katsina da Kano. Abu Ishaƙ as-Sahili da ya biyo Mansa Musa daga hajjin 1324 ya ƙare rayuwarshi a Tumbutu, shi ma ɗan Garnaɗa ne. Maiɗakina kuwa lambun Janaralife take ta kallo a waya, ta riga ta zaɓi atamfar da za ta sa.

Kawu bai ce komai ba sai da na gama zuba. Sannan ya ce, "Ɗana, Muwaɗɗar da muka karanta a zaure, ruwayar wa ce?" Na ce ban riƙe ba, Kawu. Ya ce ta Yahaya ɗan Yahaya al-Laisi ce, kuma a Ƙurɗuba ya zauna, can ya rasu. Ya ƙirgo mini Ƙurɗubi mai tafsiri, ya ƙirgo Ibnu Rushdi mai Bidayatul Mujtahid. Ya ce shekara hamsin yana faɗin sunan garin nan a gaban almajirai bai taɓa sa ran ƙafarshi za ta taka shi ba. Bai ce a kai shi ba. Dattijon Damagaram ba ya roƙo, ya dai ajiye maka magana ya juya kai.

Sai na ɗauki biro na shiga lissafi, don so daban, agogo daban.

Garnaɗa ta fi kusa a taswira, wajen kilomita 125, kamar Maraɗi zuwa Tasawa. Ƙurɗuba wajen 160 ce, kamar Damagaram zuwa Gure. Amma abin mamaki, mai nisan ita ce mai saurin zuwa. Tun ƙarshen 2007 akwai layin jirgin ƙasa mai gudun tsiya tsakanin Malaga da Ƙurɗuba, awa ɗaya ko ƙasa da haka kana can, kuma jiragen suna da yawa a wuni, in wannan ya wuce ka wani na tafe. Garnaɗa kuwa yawanci kar ake shiga, kusan awa biyu zuwa, awa biyu dawowa. Akwai jirgin ƙasa can ma, amma kaɗan ne a rana, kuma lokutanshi ba su zo daidai da namu ba.

Sai maganar tike, wadda ita ce ta fi ba ni ciwon kai. Alhambra ba wurin da za ka je ƙofa ka biya ka shiga ba ne yadda ka ga dama. Fiye da mutum miliyan biyu ke zuwa a shekara, don haka an ƙayyade adadin masu shiga kowace rana. Tiken da sunanka yake fitowa da lambar fasfo, kuma ɓangaren fadar sarakunan, wanda shi ne zuciyar wurin, an rubuta maka lokacin shigarshi. Ka makara, ka yi asara, ba mai sauraron uzurinka. Da na duba a intanet saura sati uku, duk na safe sun ƙare, sai na ƙarfe 3 na rana. Ku lissafa da ni: mu shiga ƙarfe 3, mu fito 4 in mun yi sauri, mu gangaro mu nemi mota, awa biyu a hanya. Mun iso bakin ruwa jirgi ya zama ɗan ɗigo a teku.

Akwai mafita ɗaya. Kamfanin jirgin da kanshi yana shirya tafiyar, da kar ɗinshi da ɗan jagora da tike a hannu, kuma in kar ɗinsu ya makara jirgi na jira, don nasu ne. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kwanciyar hankali kake saya. Amma kuɗin da suka faɗa mana Yuro 130 ne kowane mutum, wajen jika 85 ke nan na sefa, mu uku jika 255. Ƙurɗuba da kanmu, jirgin ƙasa zuwa da dawowa da taksi da kuɗin shiga, ya tashi kusan rabin haka. Ko da kuɗin ba matsala ba ne, ƙafa fa? Alhambra gari ne guda bisa tudu, awa uku kana tafiya, hawa da gangara da matakala, ɗan jagora na gaba da ƴar tutarshi yana duba agogo. Na kalli gwiwar Kawu, na kalli sandarshi. Masallacin Ƙurɗuba kuwa a shimfiɗe yake, gini ɗaya, taksi na sauke ka kusa da ƙofa.

Saura abu ɗaya da ya tsaya mini a wuya, kuma sai da na faɗa mishi tun a cikin jirgi. Masallacin nan da Abdurrahman na ɗaya ya fara ginawa wajen 785 ba masallaci ba ne yanzu. Tun 1236 da Kiristoci suka ci garin aka mayar da shi majami'a, a ƙarni na 16 kuma aka gina babbar coci a tsakiyarshi. Hukumar cocin ke riƙe da shi, kuma ba a yarda Musulmi ya yi salla a ciki ba. Masu gadi na lura, har an taɓa yin rigima a 2010 da wasu baƙi suka tada kabbara. Garnaɗa ta fi a nan, don tun 2003 akwai sabon masallaci a unguwar Albaisin, yana kallon Alhambra, ana kiran salla ana yi. Na ce, "Kawu, ku sani fa, ko raka'a biyu ba za su bar ku ku yi ba. Kar abin ya ɓata muku rai." Ya ɗan yi shiru. Ya ce, "Salla ko'ina ƙasa mai tsarki ce. Ni wurin zan gani."

Maiɗakina ta kalle ni, na kalle ta. Atamfar dai an sa ta, amma a Ƙurɗuba.

Mun kama jirgin ƙasa wajen 9 da rabi, 11 ba ta yi ba muna tsakar gidan lemu, inda a da ake alwala. Daga hasken rana ka faɗa cikin duhu-duhu mai sanyi, sai idonka ya buɗe a hankali ka ga ginshiƙai sama da 850 sun yi sahu ta kowace fuska, kowanne da bakan gizo hawa biyu a kai, ja da fari. Kawu ya daɗe yana kallon sama. Ya ce maginan Birni da ke ɗaura bakan gizo da azara da laka, da sun ga wannan da sun gane ɗan uwansu. A gaban mihrabin da al-Hakam na biyu ya gina bayan 961 muka fi daɗewa. An yi mishi ado da ƙananan duwatsun gilas masu ruwan zinariya, aikin da aka ɗauko gwani daga Rumawan Ƙusɗanɗiniya ya yi. Akwai shinge, ba a matsawa kusa, amma sabon idon ya yi aiki: Kawu ya tsaya yana bin rubutun kufi da yatsa daga nesa, leɓenshi na motsi. Wani mai gadi ya matso ya tsaya gefenmu, ya ga karatu ne kawai, ya koma.

Shi ne ma ya lura da abin da ni ban kula ba. Ya ce in duba mishi alƙibla a waya. Waya ta nuna wajen gabas, mihrabi kuwa ya fi karkata kudu. Haka aka gina shi tun farko, kuma duk faɗaɗawar da sarakuna suka yi ba su juya shi ba. Wannan ya ba shi abin tunani har cikin taksi.

Cocin da ke tsakiya mun ratsa ta. Gini ne mai tsawo da haske, an kashe mishi dukiya, kuma ba zan ce ba shi da kyau ba. Amma ya yanke sahun ginshiƙan, kamar a kafa rumfa a tsakiyar gona. Wasu na cewa ba don cocin ba da tuni an rushe masallacin kamar yadda aka yi wa na wasu garuruwan. Wataƙila da gaskiyarsu. Kawu bai ce uffan ba, ya dai ƙara sauri.

Agogon Sifaniya yana gaba da rana, a watan Oktoba azahar ba ta yi sai wajen ƙarfe 2. Mun yi ta a wani ɗan ƙaramin masallaci cikin lambun Kolon, kan hanyar tasha, wanda aka gina wa sojojin Maroko lokacin yaƙin basasar ƙasar. Ɗaki ɗaya ne da ƙubba, ko kusurwar wancan bai kai ba. Daga nan na ƙi yarda a ƙara ko shayi, muka kama jirgin ƙarfe 3 da wani abu, da niyyar in ya samu matsala akwai wani a bayanshi. Biyar saura muna cikin ɗakinmu, Kawu ya miƙe ƙafa.

Ƴan Garnaɗa sun iso 6 da kwata, jirgi ya jira su. A wurin cin abinci wata ƴar Senegal da muke gaisawa ta nuna wa maiɗakina hotunan zakunan da na lambun, ta ce minti arba'in kawai suka samu a cikin fadar, sauran duk layi ne da mota, amma ko gobe aka ce ta koma za ta koma. Maiɗakina ta karɓi wayar ta daɗe tana jan hotunan da yatsa, sannan ta ce in tura wa kaina lambar matar, ta aiko mana su duka.