Daga Kwalejin Malamai Zuwa Jami'a

Tun da na bar wannan kwaleji, ƙannena masu koyon zane su kan tambaye ni: wanda ya riga ya sami takardar NCE, ina amfanin ya sake komawa ɗalibi a jami'a? To, da ya ke na taka hanyar da ƙafata, ga abin da na gani.

Hanyar dai ba ɓoyayya ba ce. Bayan shekara 3 ta kwaleji, mutum ya kan nemi gurbi ta hannun hukumar JAMB. In sakamakonsa ya yi kyau, sai a ɗauke shi aji biyu kai tsaye, watau saura shekara 3 cikin 4 na digiri. Ta haka na shiga sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya.

Wannan sashe kuwa ya girmi jami'ar kanta. A 1955 aka kawo koyar da zane Zariya daga Ibadan, ita kuwa jami'ar sai a 1962 aka buɗe ta. A nan ne, a 1958, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyarsu, da nufin su koyi dabarun Turawa ba tare da sun yar da zanen gargajiyar garuruwansu ba. Shi Onobrakpeya ma sai da ya taɓa malanta kafin ya zo Zariya a 1957. Jin haka ya ƙarfafa mini gwiwa ƙwarai.

Amma fa abin da tsada. Na ajiye aikin koyarwa da albashinsa, na zauna aji guda da yaran da na ba shekara biyar ko shida, ga fenti da buroshi da takarda duk daga aljihuna. Har kawuna ya ce, "Kai yaro, ƙwai a baka ya fi kaza a akurki."

Karatun ma ya sha bamban. A kwaleji an koya mana yadda za mu tsaya gaban allo mu sa yara su zana tulu daidai. A jami'a kuwa, sai ka kafa aikinka a bango, malamai da ɗalibai su kewaye shi, a tambaye ka don me ka zana tulun haka. Nan ne horon kwaleji ya yi mini rana, gama wanda ya saba yi wa yara bayani ba ya rasa bakin magana gaban manya. Abin da abokan karatuna suka fi ni, shi ne shekara guda da suka riga suka yi suna gwada hannu a ɗakin zane. Wannan sai da raba dare na cim musu.

Saboda haka, 'yan'uwa, wanda ke da niyya ya fara shiri tun yau. Ya riƙe littafin zane kullum, ya zana kasuwa da tasha da masu jima da masu saƙa. Ya adana ayyukansa masu kyau, kada gara ta ci. Ya kuma tara ɗan guzuri tun albashi na shigowa. Allah ya ba mu sa'a, amin.