Man leɓen da ya hana Johaug zuwa Olamfik

A asibiti maganarmu ɗaya ce ga majinyaci: bi abin da likita ya ce. Shi ya sa shari'ar Therese Johaug ta daɗe tana yi mini yawo a rai, don ita ma abin da ta yi ke nan, kuma bai fisshe ta ba.

Johaug 'yar ƙasar Norway ce, gwanar tseren zamiya a kan dusar ƙanƙara. A 2016 suna atisaye a Italiya, rana ta ƙona mata leɓe har ya farfashe. Likitan tawagarsu ya shiga kemis ya sayo wani man shafawa mai suna Trofodermin, ya ce ta shafa, ba komai. Ashe akwai clostebol a ciki, sinadarin gina tsoka da aka haramta wa 'yan wasa. Da aka gwada fitsarinta sai ga shi.

Likitan ya ce laifinsa ne, ya ajiye aiki. A gida aka dakatar da ita wata 13, hukuncin da zai ƙare kafin gasar Olamfik ta 2018.

'Yan uwa, mun saba wanda aka hukunta shi ke ɗaukaka ƙara. A nan kuwa hukumar wasan ta duniya, FIS, ita ta garzaya Kotun Sasanta Rikicin Wasanni da ke Lausanne a Switzerland, tana cewa hukuncin ya yi sauƙi. A Agustan 2017 kotun ta mayar da shi wata 18. Wata biyar kacal aka ƙara, amma Olamfik na cikinsu.

Alƙalan ba su ce ta yi niyyar maguɗi ba. Hujjarsu ita ce a jikin kwalin akwai jan tambarin gargaɗi ga 'yan wasa, kuma ba ta duba ba. A dokar wasanni, duk abin da aka samu a jikinki ke za ki amsa, ko da likita ne ya miƙo.

Kotun takan sassauta. Simona Halep ta wasan tanis shekara huɗu aka yanke mata, a 2024 aka rage zuwa wata tara, bayan an yarda cewa gurɓataccen maganin ƙarin kuzari ta sha.

Na fahimci dalilin tsananin: in aka karɓi "likita ne ya ba ni", kowane mai maguɗi zai nemo likitan da zai ɗauke masa laifi. Duk da haka, a ganina wata 13 ya isa. Mu nawa ne muke karanta kwalin magani bayan ya fito daga hannun likita? A ɗakin da nake aiki, yawancin iyaye launin kwalbar kawai suke riƙewa, da cokali nawa za a ba yaro.

Johaug ta dawo, ta ci zinare uku a Olamfik na Beijing a 2022. Na 2018 kuwa aka yi babu ita, tana shekara 29.